Karta Tana Bin Halin Mazauna Tebur

Yau tarihin karta nake so mu ɗan taɓa, kuma na san tun ban yi nisa ba wani zai ce, "Malam, duk matsalolin ƙasar nan ka rasa abin magana sai karta?" A yi mini uzuri. Na yi shekaru goma sha a birnin Houston na Amurka kafin in tattaro in dawo Abuja, kuma duk wanda ya yi irin wannan dawowar ya san cewa abin da ya fi wuyar samu a garin nan shi ne majalisa. Aiki ana samu, gida ma ana samu in akwai kuɗi, amma wurin da za ka zauna da mutanen da suka san ka, wannan sai an tona. Ni a kan teburin karta na sami tawa, kuma saura kaɗan canjin salon wasa ya watsa mana ita. Wannan ne ya sa na shiga bin tarihin abin, sai na tarar wasan karta bai taɓa tsayawa yadda aka ƙago shi ba. Duk inda ya sauka, mutanen wurin sai sun yi masa kwaskwarima daidai da yawansu, da aljihunsu, da dokar garinsu, da irin kunyar da ke tsakaninsu.

A cikin shekarun 1930 wani masanin tarihi mai suna Leo Mayer ya ci karo da wata tsohuwar karta a fadar Topkapi da ke Istambul, wadda aka yi a zamanin Mamalik, sarakunan Misira. Tsarinta 52 ne kamar ta yau, gida huɗu: kofuna, da tsabar kuɗi, da takubba, da sandunan ƙwallon dawaki, wato folo. Kowane gida yana da lambobi daga 1 zuwa 10, sannan manya uku, sarki da mataimakansa biyu. Babu hoton mutum a jiki, sai ado da rubutu. A cikin shekarun 1370 karta ta bayyana a Turai, kuma tun 1377 hukumar birnin Florence ta kafa dokar hana ta. Turawan wancan lokacin ba su san folo ba, don haka sai suka mai da sandar folo kulki ko sanda kawai. Da a Katsina ta fara sauka, garin Sarki Usman Nagogo, ina jin da sandar ta tsira. Su ne kuma suka zana fuskokin mutane, daga baya aka shigo da sarauniya, sannan wajen 1480 Faransawa suka sauƙaƙe gidajen suka koma ja biyu da baƙi biyu da muka sani, saboda sun fi arhar bugawa. Ka ga ke nan tun kafin a zo maganar salon wasa, ita kanta takardar an sauya mata kamanni sau da dama.

Ita poka, wadda ita ce tushen maganata, yarinya ce a cikin wasannin karta. A farkon ƙarni na 19 ta taso a yankin New Orleans, garin da Amurka ta saya daga Faransa a 1803 tare da sauran Louisiana, kuma ana danganta sunan da wani wasan Faransawa mai suna poque. Wani ɗan wasan kwaikwayo ɗan Ingila, Joe Cowell, ya ba da labarin ya ga ana yin ta a 1829. Ta wancan lokacin da karta 20 kacal ake yi, as da sarki da sarauniya da jak da goma. Mutum huɗu, kowa biyar, an rabe tas. Ba ka canza ko ɗaya. Ka duba hannunka, ka zuba ko ka ajiye, shi ke nan.

To, me ya canza ta? Jirgin ruwa. A jiragen da ke zirga-zirga a kogin Mississippi, masu son zama a tebur sun fi huɗu, karta 20 kuwa ba ta isa mutum na biyar. Sai aka koma wa 52 gaba ɗaya. Da aka sami ragowar karta a tsakiya, sai dabara ta zo cewa mutum ya iya zubar da waɗanda ba ya so ya ɗebi wasu, kuma kafin 1850 wannan salon ya kafu. Wannan ƙaramin gyara ya haifar da zagaye na biyu na zubi, ya kuma ba mai raunin hannu dalilin ci gaba da zama. Wajen lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 salon stud ya yaɗu, inda ake buɗe wasu kartocin kowa a fili a bar wasu a kife. Har doka ta sa hannu. A jihar Kalifoniya an daɗe ana barin salon canza karta a gidajen wasa alhali an haramta stud, kuma sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe wa sauran salon ƙofa. Mutanen jiha guda suka shafe shekaru da dama suna ƙwarewa a salo ɗaya, don kawai shi doka ta bari.

Amma mai karatu, mafi yawan poka da aka yi a Amurka a ƙarni na 20 a ɗakin girki da falo aka yi ta, tsakanin maƙwabta da abokan aiki, a kan 'yan kwabbai. Al'adar wannan wasan gida ita ce rabo yana zagayawa, kuma wanda rabo ya zo hannunsa shi ke zaɓen salon da za a yi a wannan zagayen. Wannan ya ce biyu-biyu duk sun zama joka, wancan ya ce a raba abin da ke tsakiya tsakanin mafi girman hannu da mafi ƙanƙanta. Ƙwararru suna raina irin wannan, suna cewa sa'a ta yi yawa a ciki. Gaskiyarsu ne, kuma amfaninsa ke nan: sa'a ce ke sa wanda bai iya ba ya ci yau, ya ji daɗi, ya dawo mako mai zuwa. Akwai labarin da Clark Clifford, hadimin Shugaba Harry Truman, ya bayar na tafiyar jirgin ƙasa zuwa garin Fulton a watan Maris na 1946. Winston Churchill ya zauna poka da Truman da mutanensa, suka yi ta cin sa. Da ya ɗan fita, Truman ya ja kunnen mutanensa cewa su sassauta wa baƙo. Mu a nan kara muke ce wa wannan.

Salon da ya zo ya share sauran shi ne Texas Hold'em. Majalisar jihar Texas ta amince da garin Robstown a matsayin mahaifarsa, kuma a shekarun 1960 'yan wasan Texas irin su Doyle Brunson da Amarillo Slim da Crandell Addington suka yaɗa shi a Las Vegas. Kowa karta biyu a kife, sannan biyar a tsakiya na kowa da kowa, ana buɗe uku, sai ɗaya, sai ɗaya, zubi zagaye huɗu. Da yake kowa biyu kawai yake riƙewa, tebur yana ɗaukar mutum tara ko goma cikin sauƙi. A 1970 Benny Binion ya kira gasar duniya ta farko a gidan wasansa na Horseshoe, inda ƙuri'a aka kaɗa aka ce Johnny Moss ne gwani. Daga baya babbar gasar ta zauna a kan Hold'em marar iyaka, wato kana iya tura duk abin da ke gabanka a zubi ɗaya.

Shekaru talatin abin yana hannun 'yan tsiraru, don kallon mutane suna riƙe da kartar da ba ka gani ba shi da daɗi. Sai aka fito da dabarar nuna wa mai kallon talabijin kartar da ke kife. Wani shiri na tashar Channel 4 a Ingila ya fara da teburin gilashi a 1999, Amurka ta biyo baya da 'yar kyamara a bakin tebur. A 2003 kuma wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya sami kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya doke kowa cikin mutum 839 ya tafi da dala miliyan 2.5. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Ina Houston a lokacin, kuma da idona na ga yadda wasan gida ya sauya cikin shekara biyu. Akwatunan 'yan kwabban roba suka cika kantuna. Gidan da a da ake dariya ana ƙirƙirar dokoki, sai ka shiga ka tarar an yi tsit, wani har da baƙin tabarau da dare, a falon abokinsa, matar gidan tana wucewa da farantin abinci.

Kafin in zo kan teburinmu, bari mu dubi namu na gida, don mu ma mun yi wa wasan wasu irin wannan aiki. Whot da kowane ɗan makarantar kwana a Nijeriya ya sani, wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya fito da ita a 1935 a garin Southend-on-Sea na Ingila, daga baya kamfanin Waddingtons ya ɗauke ta ya yaɗa. Karta 54 ce, siffa biyar: bol, da angul, da kuros, da kafet, da tauraro, sannan Whot guda biyar masu lamba 20. In ka lura babu 6 babu 9 a cikinta. Tushen wasan mai sauƙi ne, ka bi siffa ko ka bi lamba, in ka jefa 20 ka nemi siffar da kake so, wanda ya fara ƙarar da hannunsa ya ci. A ƙasar haihuwarta yanzu da wuya ka sami matashin da ya san ta. A nan kuwa ta sami gida, ta koyi rashin mutunci irin na tashar mota: 1 hol-on, 2 fik-tu, 5 fik-tiri, 8 a tsallake na kusa da kai, 14 janar maket kowa ya tafi kasuwa. In ka manta ba ka ce las-kad ba, ka ɗebo. Har sunan tarin da ake ɗiba, kasuwa, namu ne.

Kuma har yau ba a gama gyaran ba. Ka tara mutum shida daga makarantu shida ka ce a yi Whot, sai an yi minti goma ana gardama kafin a raba. Shin 5 tana aiki ko lamba ce kawai? In an ba ka fik-tu, kana iya tarewa da taka 2 ka tura wa na gaba huɗu? Ana iya gamawa da 14 ko da 20? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a ƙarshe dokar mai gida ake bi.

Teburinmu a Gwarinpa yake, gidan wani abokina da muka zauna tare a Texas, daren Asabar bayan isha'i. Mu bakwai ne in an cika. Akwai wani dattijo injiniya Bazazzagi da ya yi karatu a Ingila, wanda kowa ke kira Baba. Akwai wani ɗan zangon Kumasi, da wani Ibo haifaffen Sabon Garin Kano wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu, da wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi da ya taso da belote irin ta ƙasashen renon Faransa, sai mu 'yan dawowa. Da tsinken ashana muke yi, kowa ɗari, ƙari ba ya wuce biyar, rabo yana zagayawa, mai rabo ya zaɓi salo. In ashanarka ta ƙare a ranta maka. Ana yi ana shan shayi, ana zagin wutar lantarki, ana jin wanda ɗansa ya sami makaranta da wanda mahaifiyarsa ke asibiti. Ta wannan tebur aka sama wa mutum biyu aiki, ta nan kuma aka haɗa kuɗin jinyar wani.

Sai ƙanin matar mai gida ya dawo daga Kanada da akwatinsa na kwabban roba. Yaro ne mai ladabi, kuma ya iya wasan ƙwarai, ya san cewa hannun farko iri 169 ne a Hold'em, ya san wanne ake shiga da shi daga wace kujera. Ya ce abin da muke yi wasan yara ne, a gwada na gaske: Hold'em marar iyaka, wanda nasa suka ƙare ya fita. Muka yarda. Makonni biyun farko abin ya yi armashi. Daga nan sai illar ta fara fitowa. Baba, wanda ya saba shiga kowane hannu don nishaɗi, kafin rabin awa an fitar da shi, sai ya koma kujerar gefe yana latsa waya har sha biyun dare. Hira ta mutu, don ba ka iya ba da labarin surukarka alhali wani ya tura maka duk abin da ke gabansa yana kallon ƙwayar idonka. Mutumin Maraɗi ya fara samun uzuri kowace Asabar.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne kwanton ɓauna. Akwai dabarar da mutum yake da babban hannu amma ya yi shiru kamar ba shi da komai, sai ka zuba, sannan ya ninka maka. Yaron ya yi wa Baba ita. Baba ya ajiye kartarsa a hankali ya ce, "Yaro, ni ka yi wa lamɓo?" Yaron ya ce, "Baba, a yi haƙuri, ai dokar wasan ta yarda." Baba ya ce, "Na sani." Bai ƙara cewa komai ba, kuma bai zo ba makonni uku. Wani zai ce tsufa ne da rashin son shan kaye. Ni ban gani haka ba, don an sha cin Baba yana dariya. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a Amurkar ma gidaje da yawa sun daɗe suna hana wannan dabarar a wasan abokai, suna ganin ta rashin kirki ce. A wajenmu abin ya fi nauyi, don yaron da aka rena a kan kada ya haɗa ido da babba, yau an ce ya zura masa ido ya karanci fuskarsa, ya kuma shirya masa tarko.

Sai dai fa yaron yana da gaskiyarsa, kuma lissafi yana bayansa. John von Neumann, wanda tare da Oskar Morgenstern suka fitar da littafin da ya kafa ilimin lissafin wasanni a 1944, daga poka ya samo wani ɓangare na tunaninsa. Ya nuna cewa burga dole ce a wasan. Wanda ba ya zubi sai yana da babban hannu, da zarar an gane shi ba mai biye masa, don haka babban hannun nasa ba ya kawo komai. A samfurin da ya yi, mai wasa daidai yana zubi da mafi kyawun hannu da kuma mafi muni, ya yi shiru da na tsakiya. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus daga jami'ar Carnegie Mellon ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 cikin kwana 20 a Pittsburgh, kuma a 2019 Pluribus ta yi irin haka a teburin mutum shida. Wani babban sirrinsu shi ne ba sa yin abu ɗaya kullum da hannu iri ɗaya. To wannan ya fi shafar wasan gida fiye da gidan caca, don a gida mutanen nan ne dai kowane mako. Mun san ɗan Kumasi in ya fara waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi hannunsa ya yi kyau. Mun san abokinmu na Sabon Gari bai taɓa burga ba tun da aka kafa teburin, in ya ƙara kowa sai ya ajiye, shi ya sa kullum yake cin 'yan tsinke uku yana mita. Sabo ya sa kowa ya hardace kowa, kuma zuwan yaron ne ya tona mana wannan.

Maganar kuɗi ce ta tilasta mana zama mu yanke shawara. Yaron ya ce burga ba ta da ma'ana in ba abin da mutum zai rasa, a sa ko dubu biyar-biyar ne. A nan ma ta fuskar wasan ya yi daidai, kuma daidai nan ne wasa ke zama caca. Musulmin cikinmu ba mu da ta cewa, aya ta 219 a Baƙara da ta 90 a Ma'ida sun rufe ƙofar. Ko karta marar kuɗi ma malamai sun saɓa a kanta, wasu sun hana, wasu sun yi sassauci in ba ta ɗauke mutum daga salla ba. Abokanmu Kirista su ma ba su so. Abuja kuwa gari ne mai fuska biyu a wannan batu. Tun daga 1999 da Zamfara ta fara, jihohi 12 na Arewa suka ɗauki shari'a, kuma a watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta bi shagunan cacar ƙwallo tana rufewa. A nan birnin tarayya kuwa akwai gidan caca a babban otal, shagunan cacar ƙwallo kuma sun cika Kubwa da Nyanya. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 a Abuja kaɗai take aiki, kowace jiha ita ke da ikon tsara nata. Wato mai son caca a garin nan ba ya rasa wurin zuwa, ba sai an kawo ta falon abokinmu ba. Har tsohuwar al'adarmu ta wanda ya zo na ƙarshe ya sayo tsire mako mai zuwa muka soke, da Baba ya nuna mana cewa ita ma jinga ce. Yanzu tsire bi da bi ne.

Mai gida da ni muka je har gida muka ɗauko Baba. Tsarin da aka tsaya a kai haɗin gambiza ne. An bar kwabban roba don sun fi ashana daɗin ƙirga, amma ba sa wakiltar ko sisi. Hold'em ta zauna a matsayin ɗaya daga cikin salon da mai rabo zai iya zaɓa, da iyaka a kan ƙari, kuma ƙari uku kawai a zagaye. Ba a fitar da kowa. Awa ta ƙarshe ta Whot ce, inda mutumin Maraɗi ke rama duk abin da aka yi masa. Kwanton ɓauna an daɗe ana ja a kansa. Ni ina cikin masu cewa a bar shi, don in an cire shi wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ya sami gata da yawa. Baba ne da kansa ya raba gardamar, ya ce a bar shi, amma yaron ya zauna ya koya wa kowa yadda ake yi da yadda ake gane shi.

Yaron bai gamsu gaba ɗaya ba, har yanzu yana neman a ba shi Asabar ɗaya a wata ta marar iyaka, kuma mutum biyu suna goyon bayansa. Abokinmu na Sabon Gari kuwa ya yi burgarsa ta farko a watan jiya da 7 da 2 masu gida daban-daban, hannun da ake ɗauka mafi muni a Hold'em. Duk muka ajiye, har da mai sarki biyu. Ya buɗe mana kartar ya tashi ya zagaya falon sau ɗaya, sannan ya dawo ya zauna ya ce a raba.